Abin da yaran zangon Kumasi ke koya a aji ɗaya

Assalamu alaikum Yaya Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka, na ga tambayarka a kan abin da yaranmu na zango, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmi baƙi, suke koya a shekararsu ta farko a firamare, da wane harshe ake koya musu, kuma ko boko ya bar musu lokacin allo. Tun da kai ma malamin aji ɗaya ne a Kano, na san ba amsar fatar baki kake nema ba. Zan ba ka ita gwargwadon abin da nake gani a jakar 'yata da ta 'ya'yan maƙwabta a nan unguwar Aboabo ta Kumasi.

Yaro a Ghana ba ya faɗawa aji ɗaya kai tsaye. Tun yana ɗan shekara 4 yake shiga ajin share fage, ya yi shekara biyu, kuma wannan ma cikin karatun dole yake da gwamnati ta ɗauki nauyi. Sai ya cika 6 ya shiga aji ɗaya. Manhajar da ake bi yanzu an fara aiki da ita a watan Satumba na 2019, kuma malami ɗaya ne ke riƙe ajin, shi ke koyar da kusan komai: Turanci, lissafi, kimiyya, tarihin Ghana, addini da tarbiyya, zane da kiɗa, motsa jiki, da harshen gida. Kwamfuta da Faransanci sai an kai aji huɗu.

A harshen gidan nan ne gizo yake saƙa. Gwamnati ta zaɓi harsuna 11 da ake buga littattafan makaranta da su, cikinsu akwai Twi na Asante, da Fante, da Ga, da Ewe, da Dagbani, da Gonja. Babu Hausa. Gidan rediyon ƙasa yana karanta labarai da Hausa tun kafin a haife ni, kowane zango daga Akara zuwa Bawku da ita ake ciniki, Badagombe da Bazabarme da mutumin Mosi in sun haɗu a masallaci da ita suke gaisawa, amma idan aka zo lissafin harsunan ƙasa sai a ce ita baƙuwa ce. To ka ga yarinya ta tashi da Hausa a ɗakin uwarta, ta je aji a Kumasi, darasin harshen gida ya zama Twi. A ƙa'ida ma da harshen gari ya kamata a koyar har zuwa aji uku, Turanci ya karɓa daga aji huɗu, ko da yake malamai cuɗanya su suke yi, makarantun kuɗi kuwa Turanci zalla suke bugawa don shi iyaye ke biya su ji.

Kada ka ɗauka ina ƙin Twi. Yaron da zai girma a Kumasi, ya shiga kasuwar Kejetia, ya hau motar haya, ya nemi aiki, in bai iya Twi ba ya cutu. Yaranmu ma tun a bakin famfo suke tsintar sa kafin su san hanyar makaranta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, 'yata ta iya rubuta ɛ da ɔ na Twi tsaf, amma ba wanda ya taɓa nuna mata ɓ da ɗ da ƙ a kan allon aji. Ga shi Hausarmu ta nan, wadda kuke tsokanarmu da ita, dama ta sassauta waɗannan haruffan a baki, ta kuma daina raba mace da namiji, ka ji yaro ya ce "yarinya ya zo" hankalinsa kwance.

Karatun Turanci an sauya masa salo ba kamar zamaninmu ba. Mu da sunan harafi muka fara, muna rera shi muna kaɗa kai. Su sautin harafin ake fara ba su, kowane da 'yar waƙarsa da motsin hannu, sannan su haɗa sauti uku su fitar da kalma. Wanda ya bi ta babbaƙu da farfaru a makarantar allo zai gane hikimar nan take, don yaron da ya saba ɗora fataha da kisira a kan baƙi ba ya shan wahalar haɗa sauti. Kafin zangon karatu na uku ya ƙare ana so yaro ya iya karanta gajerun jimloli, ya rubuta sunansa, ya saurari labari ya maido shi da bakinsa.

Lissafi kuwa ƙirga ne har 100, gaba da baya, da bibbiyu da goma-goma, sai tarawa da ɗebewa a cikin 20. Da marafan kwalba da tsinken tsintsiya da duwatsu suke yi, shi ya sa ba ma zubar da marfin lemo a gidan nan. Ana nuna musu rabin abu, da siffofi, da awon tebur da taƙi ko taku, da gane kuɗin ƙasa, sidi da pesewa. A nan yaran zango ba su da na biyu. Yarinyar da ake aika ta sayo koko da ƙosai kullum safiya ta san canjin sidi biyar kafin malama ta zana shi. Matsalarta ɗaya ce: tana ƙirga da Hausa a zuci, malama na tambaya da Twi, amsar kuma da Turanci ake so a rubuta. Sau da yawa shirun da malami ke ɗauka rashin gane lissafi ne, ba komai ba ne illa yaro yana neman kalmar.

Kimiyya ba ta da nauyi: mai rai da marar rai, sassan jiki, rana da dare, amfanin ruwa, wanke hannu da goge baki. Zane da kiɗa kuma su ƙera abu da yumɓu, su kwaikwayi zanen saƙar kente, su yi rawa da ganga. A filin wasa 'yan mata ba abin da suke so kamar ampe, wasan tsalle da tafi.

Tarihi ne darasin da na fi sa wa ido, don shi ne ke gaya wa yaro ko shi wane ne a ƙasar nan. Manhajar 2019 ce ta maido shi darasi mai cin gashin kansa tun daga aji ɗaya. Ana gaya musu cewa da ana kiran ƙasar Gaɓar Zinariya saboda arzikin zinariyar da ya jawo Turawa, cewa 'yan Fotugal ne suka fara isowa a 1471, cewa an sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957 a hannun Kwame Nkrumah. Duk shekara a wannan ranar 'yan makaranta ke fita maci, sai ka ga uwa tun da asuba tana guga tana wanke farar safa. Ana kuma kawo musu sunayen waɗanda suka yi wa ƙasa hidima, irin su Theodosia Okoh da ta zana tutar Ghana, da Baba Yara. Shi Baba Yara sunansa na yanka Usman Seidu, Musulmi haifaffen Kumasi, ya buga wa Asante Kotoko da ƙungiyar ƙasa ƙwallo har hatsarin mota ya kwantar da shi a 1963, ya rasu a 1969, kuma babban filin wasan garin nan sunansa yake ɗauke da shi. Idan malama ta ambace shi, yaran zango kan miƙe wuya, sun ji nasu a bakin hukuma. Sai dai labarin fataken goro da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, waɗanda su ne kakanninmu ni da kai, a tsakar gida kawai yaro zai ji shi. Ni kam ina ba su, da dare bayan an ci tuwo.

Na san abin da zai fi tayar maka da hankali shi ne darasin addini. A nan ba a raba aji a ce Musulmi su bi wannan malami Kirista su bi wancan. Darasi ɗaya ne, ana koya wa kowa cewa Allah ne Mahalicci, sannan a gabatar da addinai uku na ƙasar: Kiristanci, Musulunci da na gargajiya. Yaro zai ji labarin haihuwar Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ji na Annabi Isa yadda Kirista ke ba da shi, ya ji na Okomfo Anokye, jagoran addinin gargajiya na Asantawa a zamanin da. Wasu iyayen ba sa so, kuma ban ga laifinsu ba, musamman waɗanda 'ya'yansu ke makarantun mishan inda ake addu'ar coci a taron safe. Amma Yaya, mu tsiraru ne a kudancin ƙasar nan, mai gidan hayarmu Kirista ne, ungozomar asibiti ma haka. Gara yarinyata ta san abin da maƙwabciyarta ta yi imani da shi a gaban malama, ta dawo ta tambaye ni, da ta tsince shi a titi. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, da kansa ya ziyarci wata cocin Katolika a Akara a 2019 lokacin da ya cika shekara 100, kuma ba wanda ya isa ya ce Shehu ya yi sakaci da addininsa.

Dabarar da iyayenmu suka samo ita ce makarantun da muke kira na Turanci da Larabci. Da can mutanen zango gudun boko suke yi don a hannun mishan yake. A 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, sai makarantun malamai da yawa suka shiga ciki: gwamnati ta turo malaman boko ta biya su, manhaja ɗaya da ta kowa, a ƙara Larabci da Alƙur'ani a jadawali, 'yan mata su sa hijabinsu ba mai harara. Wanda ɗansa ke wata makarantar daban kuma, da an tashi da rana ya ci abinci ya ɗauki allo, Asabar da Lahadi kuwa tun safe. Ɗan aji ɗaya a zango yawanci yana cikin ƙananan surori, yana koyon alwala da tahiya. Gajiya kam suna gajiya, wani lokaci da fensir a hannu barci ke kwashe su.

Ka ga ke nan yaro ɗan shekara 6 yana karanta Turanci da Twi da safe, Larabci da yamma, harshen da yake mafarki da shi kuwa ba ya iya karanta ko layi ɗaya. Alhali ƙasar nan ta san rubutun Hausa: Alhaji Umaru, Bakano ne, ya zauna a Salaga da Kete-Krachi yana rubutu da ajami da Larabci har ya rasu a 1934. Mu matan layinmu mun yanke shawarar tara yaran ranar Lahadi bayan la'asar mu fara musu baƙaƙen Hausa, amma ba mu da littafi ko ɗaya na masu farawa. Don Allah Yaya ka duba mana irin wanda kuke amfani da shi a aji ɗaya, mai manyan haruffa da hotuna, da ɗan littafin tatsuniyoyi, ka ba masu motar da ke zuwa Kumasi su taho mana da su. Ka kuma rubuto mini yadda kake fara koyar da ƙ da ɗ ga yaron da bakinsa bai saba da su ba. A gaida Inna da su Yaya Hajiya.