Me ya sa maganin sankara da zafi ke yi wa wata, bai yi wa wata ba?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce likita a nan Abuja ya ambaci HIPEC, wato wanke cikin ciki da maganin sankara mai ɗumi lokacin tiyata, ga Hajiya saboda sankarar ƙwan mahaifa, kuma kin ji ba kowa yake yi wa ba. Na daɗe ina jinyar masu sankara, ga abin da na sani.

Ba gashi ba ne irin na gida. Sai likita ya cire duk ƙarin da ido ke gani, sannan a zagaya da maganin cisplatin mai ɗumi, digiri 40 zuwa 42, a cikin cikin mara lafiya har minti 90. Maganin ba ya ratsa nama fiye da milimita 2 zuwa 3, don haka in an bar ƙari babba, wahala kawai aka sha.

Sauran bambancin yana cikin ƙwayar sankarar kanta. Cisplatin lalata mata DNA yake yi, ita kuma tana da masu gyara, cikinsu har da furotin BRCA2. Zafi kan rushe shi na ɗan lokaci, kamar a kori bakanike alhali mota na kwance a gareji. Amma wasu ƙwayoyin da sun ji zafi sai su yawaita furotin HSP70 da HSP27, su kare kansu.

A binciken ƙasar Holan na 2018 kan mata 245 masu wannan sankara a mataki na uku, tsakatsakin rayuwar waɗanda aka yi wa HIPEC wata 45.7 ne, sauran 33.9. Da aka sake duba naman, waɗanda suka fi amfana su ne masu raunin gyaran DNA da ba daga lalacewar ƙwayar gadon BRCA ya fito ba. 

Ki tambayi likita matakin da ciwon ya kai, ko za a iya cire ƙarin duka, da gwajin BRCA. Ki matsa a kan ƙoda, don cisplatin na wahalar da ita. Na ga mata da fitsarinsu ya ragu sosai kwana biyu bayan aiki, muna ta auna shi awa-awa. Kuma don Allah kada a ɗora mata tsumman ruwan zafi ko a kai ta wurin masu turare da sunan wannan magani. Fata kawai zai ƙona, ba ya kaiwa inda ciwon yake.