Ki bi dutsen Roger daga babi na 4 zuwa na 11

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin haddace jigogi da alamomi da taurarin Lord of the Flies na William Golding, labarin yara 'yan makaranta da jirginsu ya faɗi a wani tsibiri, amma da kin zauna rubuta amsa sai kanki ya ɗaure, layi uku magana ta ƙare. Na san ciwon nan sarai. Na daɗe ina koyar da littafin a wata sakandare a Tudun Wada, nan Zariya, kuma a shekarar farko ni na jawo wa ɗalibaina shi. Na cika musu allo: katantanwar da yaran ke busawa su kira taro doka ce, tabarau ilimi ne, wuta fatan tsira ce. Suka kwafe tsaf. Da aka yi gwaji, duk ajin amsa iri ɗaya, babu wanda ya iya nuna mini inda abin ya faru a labarin. Ranar ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan.

Ki ajiye jerin nan tukuna. Ki ɗauki abu ɗaya ki bi sawunsa har ƙarshen babi 12 ɗin. Ni da dutse nake farawa. A babi na 4 Roger, ɗaya daga cikin manyan yaran, yana jifan wani ƙaramin yaro, Henry, a bakin ruwa, amma da gangan yake kuskurewa, duwatsun suna faɗuwa kewaye da yaron. Babu babba ko ɗaya a tsibirin, to me ya riƙe masa hannu? Tarbiyyar gida ce, da tsoron malami da ɗan sanda, waɗanda har lokacin ba su sake shi ba. Sai ki tsallaka babi na 11. Roger ɗin nan ne ya danna sanda ya sako ƙaton dutse daga sama, ya kashe Piggy, yaro mai tabarau, katantanwar da Piggy ke riƙe da ita ta tarwatse. Ranar da na jera wuraren nan biyu a aji, wata yarinya a bencin baya ta ce, "Malam, ai kunya ce ta ƙare masa." Wallahi ta fi ni faɗa. Jigon ke nan, kuma a labarin ta tsinto shi, ba a allo ba.

Ki lura kuma, a wannan babi na 4 ne Jack, shugaban yaran da ke farauta, ya fara shafe fuskarsa da yumɓu da gawayi. Duk wanda ya ga 'yan tashe da azumi ya san yadda yaro mai kunya ke sakin jiki da zarar an ɓadda masa kama. Namu wasa ne, nasu ya kai ga jini.

Tabaraun Piggy ma haka za ki yi masa: da shi aka kunna wuta, Jack ya mangare Piggy gilashin ido ɗaya ya fashe, daga baya aka sace shi cikin dare.

Kada ki raba taurarin gida biyu, Ralph, wanda yaran suka zaɓa shugaba, na kirki, Jack mugu, shi ke nan. A babi na 9 da aka kashe Simon, wanda ya zo gaya musu cewa dodon da suke tsoro gawar wani soja ce da ya sauko da laima, Ralph da Piggy suna cikin da'irar rawar. Wurin nan ya fi ko'ina taɓa ni, don marubucin bai wanke kowa ba. Shi kansa malamin makarantar maza ne a Ingila, ya kuma yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu kafin littafin ya fito a 1954. Ya san yara, ya ga abin da manya suka aikata. Shi ya sa jami'in da ya cece su a ƙarshe daga jirgin ruwan yaƙi ya sauko.

A jarrabawa ki faɗi ra'ayinki, ki kawo wurin da ya faru da lambar babinsa, sannan ki bayyana abin da ya canja tsakanin farko da ƙarshe. Yau da dare ki karanta babi na 4 da na 11 a jere, ki rubuta shafi ɗaya kan Roger, ki turo mini in duba miki. Allah ya ba da sa'a.