Ginin ƙasa a zamanin tsadar siminti: amsoshin tambayoyinku

Jama'a assalamu alaikum. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 saƙonnin da ke shigo wa filin nan suka koma kusan abu ɗaya, kowa tambayarsa ko za a iya komawa ginin ƙasa. Na ɗauko huɗu daga ciki, masu tsawo na ɗan rage su.

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni malamin firamare ne, ina da fuloti a bayan gari amma har yau ko bulo ɗaya ban aza ba, duk sanda na tara ɗan abinda na tara sai in tarar siminti ya ƙara tashi. Na ce toh bari in yi na ƙasa, uwargida ta ce ita ba za a mayar da ita ƙauye a cikin birni ba, yayanta kuma ya ce in so nake gini ya rufta wa yara da damina toh bismillah. Dan Allah ka faɗa min gaskiya, ginin ƙasa yana da aminci ko in haƙura? Daga wani malami a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Yayan uwargida bai yi ƙarya ba, duk damina sai mun ji a rediyo gini ya faɗa wa mutane, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma in ka je ka duba gidajen da ke faɗuwan nan zaka ga labarinsu kusan ɗaya ne, an aza tubali kai tsaye a kan ƙasa ba fandisho, kwata na bin gindin katanga shekara da shekaru tana cinta, indararo ya toshe ko ya karye ruwa na kwana a kan soro, sannan rabon gidan da yaɓe tun mai gidan na da rai. Ruwan da ya daki katanga ya gangara ya wuce ba shi ke kayar da ita ba, wanda ya samu wurin zama a samanta ko a gindinta shi ne abin tsoro.

Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, ƙasa ce zalla da itace, asalinta tun 1515. In ka ce min ai can hamada ce, toh Zariya fa? Ta fi Kano samun ruwan sama, kuma bakan gizon ƙasa mai ɗauke da rufi da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na can tun zamanin Sarki Abdulkarimu ya yi sama da shekara 150 a tsaye, duk da dai daga baya an lulluɓe shi da sabon gini ta waje, kuma wani sashe na masallacin ya rufta a 2023.

Dan haka in ka yanke shawara, fandisho kar ka yi masa rowa, nan kuɗin simintinka zai tafi. Dutse ko bulon siminti mai ƙwari, ya taso sama da ƙasa kamar santimita 45 zuwa 60, wajen gwiwarka kenan, sai a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafe da kwalta kafin a fara aza ƙasa dan kar danshi ya riƙa hawowa. A zuba linta ta zagaye ginin gaba ɗaya ta ɗaure shi. In kwano zaka rufa a bar masa baki ya leƙo waje sosai, santimita 60 ko fiye, a gindin katanga ta waje kuma a yi dakali ko daɓe mai gangara yadda ruwa zai gudu. Banɗaki da wurin wanke-wanke ka yi su da bulon siminti abinka, ba laifi bane a haɗa.

Sai maganar da me za a yi katangar. Tubalin gargajiya aikin gwanaye ne, a haƙo birji a jiƙa a tattake da ƙafa, a zuba ciyawa ko takin doki a barshi ya yi kwanaki ya tsimu, sannan a mulmula da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya, katangar ta fara da kauri tana hawa tana sirancewa. Yana da kyau wallahi, amma kaurin nan yana cin fili ga fulotin yanzu ba girma, kuma maginan da suka iya shi da gaske sun yi ƙaranci, yawanci sun manyanta 'ya'yansu sun koma birkiloli. Ni in ni ne kai bulon ƙasa na inji zan yi. Jar ƙasa ake tankaɗewa a gauraya da siminti kaɗan, awo ɗaya na siminti a awo 15 zuwa 20 na ƙasa, a yayyafa ruwa ta yi ɗan danshi kawai ba caɓi ba, sai inji ya matse ta da ƙarfi. Akwai na hannu wanda mutum biyu uku za su yi aiki da shi, akwai mai injin dizal irin Hydraform na Afirka ta Kudu wanda bulonsa ke shiga cikin juna ba sai an sa kwaɓi tsakani ba, a nan Najeriya ma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI ta daɗe tana ƙera irin injinan nan. Inda mutane ke kwafsawa shi ne da an buga sai su shanya a rana kamar tubali. A'a. Tunda akwai siminti a ciki rufe shi ake da leda ana ba shi ruwa sati ɗaya zuwa biyu, kuma sai ya yi wajen kwana 28 kafin a hau gini da shi.

Kuma ba kowace ƙasa ba. Ta sama mai saiwoyi da taki ta noma ce, a kwashe ta gefe. Baƙar lakar fadama mai dararewa in ta bushe ita ma a'a. Ka samu kwalba ka zuba ƙasar zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka cika da ruwa ka girgiza sosai ka ajiye ta kwana, zaka ga yashi ya kwanta a ƙasa, mai laushi a tsakiya, yumɓu a sama. Ana so yashi da 'yar tsakuwa su fi rabi, yumɓu kar ya wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar, in ya yi yawa a ƙara yashi.

Batun kuɗi kuma bana so in yaudare ka. Sauƙin a katanga yake, kwano da katako da ƙofofi da wayarin da masai duk kuɗinsu na nan yadda yake, kuma in sai tifa ta ɗauko maka ƙasa daga nesa ribar ta ragu sosai. In ƙasar fulotinka ta yi, wadda za a haƙo daga ramin masai da fandisho ma ta rage maka hanya. Uwargida kuma kar ka tsaya musu da ita, ka buɗe mata waya ka nemo hotunan gidajen Niamey 2000 da aka gama a 2016 a Yamai, benaye ne na bulon ƙasa, da masallaci da laburaren garin Dandaji a Nijar da mai zanen gini Mariam Kamara ta yi aikinsu a 2018. Ta gani da idonta tukunna sai ku yi maganar ƙauye.

TAMBAYA: Ɗana Injiniya sannu da aiki. Gidanmu na gado ne a cikin birni, ginin ƙasa, yara suka haɗa kuɗi aka yi masa filastar siminti ciki da waje dan a huta da yaɓe. Yanzu filastar sai ɓamɓarowa take falle-falle, ɗakina kuma warin danshi ko da rani. Sun ce a sake wata, na ce a tsaya in tambaya. Daga wata Hajiya a Zariya.

AMSA: Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya saka wa yaran da alheri, niyyarsu mai kyau ce amma gara da kika ce a tsaya. Katangar ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi, haka take rayuwarta. In aka shafe ta da siminti kamar mutum ne ya sa rigar leda a bazara, gumin ba inda zai bi. Ga shi siminti da ƙasa ba sa kumbura su motse tare, dole wata rana ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya maƙale a baya, katanga na jiƙewa tana laushi ta ciki alhali daga waje kowa na ganin gida fes. Irin wannan ya fi ba ni tsoro a kan gidan da ake ganin zaizayarsa a fili.

Ki sa a bi katangar ana ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi ƙarar holoƙo ya riga ya rabu da ita. A bari sai ruwa ya ɗauke a ɓamɓare, a barta ta sha iska ta bushe sosai, a cike inda ya zaizaye da irin ƙasar da aka yi ginin, in kuma an ga tsaga mai zurfi ko katanga ta karkata toh a fitar da mutane daga ɗakin a kira magini ya duba kafin komai. Daga nan sai yaɓe. Iyayenmu makuba suke sawa, ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa, ruwa na zamewa a kai. Saman soro kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima na majema da ruwan dafara. Nasan haɗa kayan laso yanzu sai an sha yawo tunda marinar ma ta ja baya, amma makuba ba ta gagara ba, a Zariya kuwa ba za a rasa dattijon da ya iya ba, a tambaya ta wajen gidan Sarkin Magina. Sai dai yaran su sani yaɓe ba a gama shi, duk bayan shekara biyu uku ana sabuntawa, kuma kafin kowace damina wani ya hau sama ya share indararo. Mutanen Djenne a Mali duk shekara gari guda ke fitowa yaɓen babban masallacinsu.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Mu nan ginin banko, wato na ƙasa, ba baƙo ba ne, matsalarmu rufi. Azara ta yi tsada kuma ba a samun mai kyau, tol kuma, wato kwano, zafi kamar me. Mene ne dabara? Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

AMSA: Ina amsawa ɗan'uwa. Azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son ta ne saboda gara ba ta cika cinta ba, amma giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara kuma an sare fiye da yadda aka shuka, dan haka tsadar nan ba mai saukowa bace. Dabarar kuma a ƙasarku take. Tun farkon shekarun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina a Nijar gini marar katako, a rufe ɗaki da tulluwa ko baka na tubalin ƙasa zalla, ba azara ba kwano, asalin fasahar daga Nubiya take ta wajen Masar da Sudan. A Burkina Faso ma akwai ƙungiyar da ke yaɗa irinsa tun 2000, ɗakin faɗinsa bai wuce mita 3 da ɗan kai ba amma tsawo yadda kake so, katangun da ke ɗauke da rufin kuma kauri ne da su wajen santimita 60. Gargaɗi ɗaya, wannan ba aikin da za a kalla a waya a gwada bane, sai wanda ya koya a hannun gwani, in baka ya kauce lissafi tura katanga yake waje.

In kuma tol ɗin ne dole, ka yi yadda mai zanen gini Francis Kéré ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, silin na ƙasa a ƙasa, kwano a ɗage can sama da tazara iska na ratsawa tsakani, zafin kwanon ba ya sauka kan mutane. Shi ne fa ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gini a 2022, da ƙasar nan da muke rainawa. Amma ka sani katanga mai kauri tana tare zafin rana ne ta riƙe shi, da dare ta sake shi, shi ya sa ɗakin soro ke daɗi da rana da lokacin hunturu amma daren bazara sai a tsakar gida. Ka sa tagogi masu kallon juna a riƙa buɗewa da dare.

TAMBAYA: Injiniya unguwarmu kusan duk shekara sai ruwa ya shigo, wani lokacin har gwiwa ya yi kwanaki. Bulon ƙasa na inji zai jure? Daga Haɗeja.

AMSA: Gaskiya a'a ɗan'uwa, ban ba ka shawara ba. Ya fi tubali jure jiƙa nesa ba kusa ba, amma ba a yi shi dan ya tsaya cikin ruwa kwana da kwanaki ba, tubali kuwa narkewa zai yi ta gindi ginin ya zauna. In ba yadda zaka yi sai nan, a cike filin a ɗaga shi, a yi dutse ko bulon siminti har ya wuce inda ruwan 2022 ya tsaya a unguwarku da kamar rabin mita, alamar na nan a jikin katangun maƙwabta ka je ka auna, daga nan zuwa sama sai ka sa na ƙasa.