Tambaya da Amsa: Gidan Sarkin Jan Ƙarfe a garin Butte

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wani tsohon gidan jan bulo a Facebook, an ce na wani attajirin haƙar ma'adinai ne a Amurka, wai har kwana ake yi a ciki a biya kuɗi. Don Allah wane ne mai gidan, kuma yanzu a hannun wa yake? Daga mai karatu a Bukuru.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bisa kwatancenka gidan William Andrews Clark ne da ke garin Butte a jihar Montana, wanda ake ce wa gidan Sarkin Jan Ƙarfe. An fara gininsa a 1884 aka gama a 1888, lokacin Sarauniya Victoria na kan gadon Ingila, kuma salon ginin na wancan zamanin ne, wato ado kan ado ba a jin tsoron kashe kuɗi. Ɗakuna 34 ne a ciki. Tagogin gilashi masu launi, silin da aka yi wa zane da hannu, matattakalar bene ta katako da masassaƙa suka ƙawata, a can sama kuma akwai katafaren zauren rawa.

Shi Clark ɗin an haife shi a 1839 a Pennsylvania, ya iso Montana a 1863 wajen neman zinare kamar kowa, amma da yake mutum ne mai ido sai ya lura kuɗin na wajen sayar wa masu haƙar kaya ne, ya koma safarar kayan masarufi a kan alfadarai, ƙwai da taba da sauransu, yana sayarwa da tsadar gaske a sansanonin da babu kasuwa kusa, daga nan ya shiga harkar banki, daga banki sai ramukan haƙar ma'adinai na Butte suka fara faɗowa hannunsa. Da wutar lantarki ta zo aka shiga neman waya ko'ina, jan ƙarfe ya yi daraja, shi ke nan kakarsa ta yanke saƙa.

To amma fa ba mutumin da za a yi ta yabo ba ne. A 1899 ya nemi kujerar sanata, a lokacin 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanatoci ba talakawa ba, sai aka zarge shi da sayen ƙuri'unsu da tsabar kuɗi, babban abokin gabarsa Marcus Daly na kamfanin haƙar jan ƙarfe na Anaconda ya tsaya kai da fata sai an bincika. Kwamitin majalisar dattawa ya ce zaɓen bai halatta ba, gogan naka ya yi murabus a 1900 kafin a kore shi, kuma a 1901 ya sake dawowa kujerar ya zauna har 1907. Ikon Allah! Shi ne kuma ya shimfiɗa layin dogon da ya haifar da garin Las Vegas a 1905, har yau gundumar da garin yake ciki sunansa take amsawa.

Gidan Butte ya yi masa kaɗan daga baya, ya je New York ya gina wani mai ɗakuna 121, a can ya rasu a 1925, kuma a 1927 aka rushe wancan ɗin. Na Butte ya koma hannun cocin Katolika, sistoci suka zauna a ciki na wasu shekaru, sai a 1953 wani iyali na garin suka saya, su ne ke riƙe da shi suna zagayawa da baƙi, mai son kwana ya biya ya kwana a ba shi karin kumallo da safe.

Tambaya: Malam, 'ya'yansa fa, kuma garin yana nan da arzikinsa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, autarsa Huguette ta yi tsawon rai sosai, ta rasu a 2011 tana da shekara 104, da dukiya ta ɗaruruwan miliyoyin dala da manyan gidaje da babu kowa a ciki, ita kuwa kusan shekara 20 na ƙarshen rayuwarta a ɗakin asibiti ta yi su da son ranta. Bayan rasuwarta dangi suka tafi kotu kan wasiyya.

Garin kuwa ya ji jiki. Talakawan da suka shiga ramin su suka biya farashin, a 1917 kaɗai gobara a ramin Speculator ta kashe ma'aikata 168. A 1955 kamfanin Anaconda ya buɗe ƙaton ramin Berkeley wanda ya cinye unguwanni sukutum, da aka daina aiki a 1982 aka kashe injinan zuƙe ruwa, ramin ya cika da ruwa mai guba. Mutanen Bukuru da suka san kududdufan da haƙar kuza ta bari za su gane abin da nake nufi, sai dai wannan ruwan ya fi nasu muni nesa ba kusa ba, don a 1995 dinyoyin daji 342 suka sauka a kansa suka mutu, a 2016 kuma dubbai ne suka mutu. Yanzu har ma'aikata ake ajiyewa a bakin ramin suna harba bindiga da kunna ƙara don kada tsuntsaye su daɗe a kan ruwan.