Tambaya da Amsa: Sabon takalmin kaboyi yana cin ƙafata

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya aiko mini da dogon takalmin fata irin na kaboyi, kuma niyyata in hau doki da shi a hawan Sallah mai zuwa a Zariya. Ranar da na fara sa shi na tafi ofis, kafin azahar ya matse mini doron ƙafa, dunduniyata kuma tana ɗagawa a ciki duk lokacin da na yi taku, har ya yi mini bororo. An rubuta 10D a cikinsa, ni kuwa lamba 43 nake sawa. Wani abokina ya ce in jiƙa shi a ruwa in sa shi har ya bushe a ƙafata, wani kuma ya ce in kara shi da wuta. Shin ya yi mini kaɗan ne, ko kuwa ya yi mini yawa? Daga mai karatu a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa yadda ka bayyana, takalmin bai yi maka kaɗan ba, bai kuma yi maka yawa ba. Lamba 10 ta maza a ma'aunin Amurka tana kusa da 43 a ma'aunin da muka saba da shi, harafin D kuma yana nufin matsakaicin faɗi, domin masu faffaɗar ƙafa EE ake ba su. Abin da ya jawo maka bororo shi ne wuni guda da ka yi a cikin takalmin da bai riga ya saba da ƙafarka ba.

Yadda aka ƙera shi ne ya sa yake haka. Makiyayan shanu na yammacin Amurka aka yi wa wannan takalmi, mutanen da ke wuni a kan sirdi, kuma wasu daga cikin kamfanonin da suka yi suna da shi tsofaffi ne ƙwarai: Justin ya fara ɗinki a jihar Texas a 1879, Lucchese a birnin San Antonio a 1883, Tony Lama a El Paso a 1911. An yi masa doguwar dunduniya domin kada ƙafa ta zarce cikin likkafa, an yi masa ƙasa mai santsi domin ƙafar ta fita da sauri idan doki ya kayar da mahayi, an kuma bar shi babu igiya. Tun da babu igiyar da za a ja a ɗaure, fatar da ke kan doron ƙafa ita kaɗai ce ke riƙe da takalmin, saboda haka dole ta kama ka sosai tun yana sabo. Wanda ya sayi irinsa doron yana sakwa-sakwa, bayan 'yan watanni zai ga ƙafarsa tana yawo a ciki, domin fata sakewa take yi, ba ta komawa.

Ɗagawar dunduniya ma ba aibu ba ce. Ƙasan sabon takalmi fata ce mai kauri wadda ba ta fara lanƙwasa ba, don haka idan ka ɗaga dunduniyarka takalmin ba ya bin ta. Masu ɗinka shi suna ɗaukar ɗagawar da ba ta wuce rabin inci ba a matsayin daidai, kuma tana raguwa da kanta idan ƙasan ya yi laushi a wurin da yatsu ke lanƙwasawa.

Abin da ya kamata ka duba da kyau shi ne yatsunka. Ka sa takalmin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura saboda zirga-zirgar wuni, ka miƙe tsaye, ka lura ko wurin da ƙafarka ta fi faɗi, wato gindin babban yatsa, ya zauna daidai wurin da takalmin ya fi faɗi. Idan yatsunka suna iya motsi, kuma babban yatsa bai tokare gaban takalmin ba, to ka ci gaba da shi. Idan kuwa ya tokare, ko kuma ƙafar tana sagewa bayan ka ɗan zauna da shi, babu dabarar da za ta yi maka magani, domin fata tana buɗewa ta faɗi amma ba ta ƙara tsawo, bakin takalmin kuma an saka masa abin ƙarfafawa a ciki domin kada ya lotsa. Irin wannan gara ka ba wanda ya yi wa daidai.

Hanyar da ba ta ɓata takalmi ita ce sawa kaɗan-kaɗan. Ka bari bororon ya warke tukuna, sannan ka riƙa sa shi a gida awa ɗaya ko biyu kullum, da doguwar safa mai ɗan kauri wadda ta wuce bakin takalmin, domin kada ɗinkin ciki ya goge maka ƙwauri. Ka riƙa takawa a tsakar gida, kana hawa matakala, kana tsugunnawa kana miƙewa, domin wannan ne ke karya taurin ƙasan da na wajen idon sawu. Zafin ƙafa da ɗan gumin da take yi sun isa su sassauta fatar daidai siffar ƙafarka. Wurin da ka san yana cinka, ka manna masa filasta tun kafin ka sa safa, kada ka jira sai ya yi ja. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ka fara fita da shi rabin wuni, da wani takalmin a mota ko a jaka. Fatar saniya mai kauri ta fi ɗaukar lokaci, ta akuya da ta jimina kuwa suna saurin yin laushi.

Kafin ka fita da shi, ka ɗan goga ƙasan a kan siminti mai kaushi. Sabon ƙasan fata a kan tayil ɗin banki ko na ofis santsi gare shi ƙwarai, kuma mutum cikin babbar riga ba ya son a gan shi a ƙasa.

Shawarar abokanka biyu ban goyi bayanta ba. Gaskiya ne jiƙaƙƙiyar fata tana saurin buɗewa, kuma wasu masu aikin gona a Amurka suna yin haka da takalman aiki, amma ruwa yana fitar da maiƙon da aka sa wa fata lokacin jima, yana barin tabo, yana kuma raunana gam da ɗinkin ƙasa. A hunturun Kaduna, inda iska ke busar da komai cikin ɗan lokaci, fatar da aka jiƙa sharkaf takan bushe ta ƙandare, ta fara tsagewa a wurin lanƙwasa. Wuta kuwa ta fi ruwa ɓarna, ko ta gawayi ce ko ta na'urar busar da gashi, domin fatar da ta ƙone takurewa take yi, kuma babu badukun da zai iya dawo da ita. Idan akwai wuri guda da ya ƙi sakewa bayan ka yi haƙurin makonni biyu, ka kai wa ƙwararren mai gyaran takalmi, ka nuna masa wurin da yatsa, ya cusa masa katakon buɗa takalmi ya kwana a ciki. Ka ce masa ya buɗa kaɗan, domin ƙari yana yiwuwa gobe, ragi kuwa ba ya yiwuwa.

Akwai wata wahala da makiyayan Texas ba su sha kamar mu, wato cirewa da sawa a kowace salla. Kada ka taka dunduniyar ɗaya da bakin ɗayan don ka cire, domin haka ke ɓata bayan takalmi. Kafinta zai iya yi maka ɗan katako mai tsagaggen baki wanda ake saƙala dunduniya a ciki, a taka ɗaya gefen, a zare ƙafa ba tare da an sunkuya ba. Bayan alwala ka goge ƙafarka ta bushe kafin ka sa safa, domin danshi ne ke saurin jawo bororo. Wajen sawa ka kama kunnuwan nan biyu da ke bakinsa ka ja, kuma idan dunduniya ta ƙi wucewa, ka sa 'yar leda a bayanta, sai ta zame ta shiga ka zare ledar.

Idan kana da ciwon suga, to ka ɗauki maganar bororon nan da muhimmanci, ka nuna wa likita, ka kuma riƙa duba ƙafarka duk lokacin da ka cire takalmin, saboda wannan ciwo yana rage jin zafi a ƙafa, yana kuma jinkirta warkewar rauni. Game da hawan kuwa, ka gwada bakin takalmin a cikin likkafarka tun kafin ranar, ka hau dokin da shi a ƙalla sau ɗaya.

Tambaya: Maigidana ya sayi irin wannan takalmi na gwanjo a Kasuwar Bacci. Zan iya shafa masa man kaɗanya don ya yi laushi? Daga wata mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, za ki iya, amma kaɗan. Ki fara goge ƙura da ɗan tsumma mai danshi, ki bari ya sha iska a inuwa, sannan ki gwada man a wani ɓoyayyen wuri kusa da bakin takalmin, domin yana sa fata ta ƙara duhu, kuma idan ya yi yawa yana kama ƙura. Man gyaɗa da man ja ba su dace ba, suna yin wari su kuma bar tabo. Idan fatar mai gashi-gashi ce irin wadda ba a yi mata folish, kada mai ya taɓa ta, buroshi kawai take so. Ki kuma duba ko fata ce ta gaske, domin ta roba ba ta shan mai, ba ta kuma sakewa, sai dai ta ɓare. Takalmin gwanjo ya riga ya ɗauki siffar ƙafar mai shi na farko, saboda haka idan yana cin maigidan a wani wuri, mai gyara ya sa masa sabon shimfiɗin ciki. Da damina kada a ajiye shi a cikin leda, domin zai yi fumfuna. A cusa masa tsohuwar jarida ya tsaya a miƙe a wurin da iska ke shiga.