Muryar Anti Nas a kan zancen mayar da Baba Abuja

Assalamu alaikum jama'ar gida. Auta, na ji saƙonki tun da azahar, ina bakin aiki ne. Kin ce likita ya ce gyambon ƙafar yana kamewa, sugan ma ya sauka, amma babanku ya daina cin abinci, sai faɗa, kullum a mai da shi gida, shi ne kuke shawarar ko a ɗauke shi zuwa asibitin kuɗi a Abuja. To ni dai abin da na ji a muryarki ba zancen Abuja ba ne, tambaya kike yi ko kun gaza. Ba ku gaza ba. Shi ma Yaya, babanku, ba rigimar tsufa yake yi ba. Yau kwanansa 19 a kan gado, ana duba ƙafa, ana duba suga, to shi mai ƙafar wa ya duba shi?

Shekarata 26 ina wannan aiki. Tun muna makaranta aka haddace mana ma'anar lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya take aiki da ita tun 1948, cewa lafiya ita ce natsuwar jiki da ta zuciya da ta zaman mutum cikin jama'a, ba rashin ciwo kawai ba. Mun rubuta a jarrabawa mun ci. Amma a ɗakin marasa lafiya, nas 2 ga gado 30 da dare, sai ki ga abin ya koma allura, ƙwaya, awon jini, shi ke nan. Ba kare kanmu nake ba, gaya miki nake inda giɓin yake don ku san abin da za ku cike.

Ki fara da barci. Yana barci? Ki tambayi yaron da yake kwana da shi. Fitila a kunne har asuba, na gadon kusa yana nishi, an zo awon suga da sassafe, ga sanyin Jos a watan nan, iska tana shigowa ta tagar da ba ta rufuwa. Mai suga in bai yi barci ba, in hankalinsa a tashe yake, sugan hawa yake yi, ciwo kuma ya yi jinkirin warkewa. Wannan ba zancen tausayi ba ne kawai, haka jiki yake aiki. Ku kai masa bargonsa na gida, wanda ya saba da shi, da hular sanyi, da safa mai laushi a ƙafar da ba ta da ciwo. Amma don Allah, ku ji ni da kyau, kar wanda ya ɗora masa robar ruwan zafi a ƙafa, kar a matso da hita kusa da ita. Ƙafar mai suga ba ta jin zafi kamar tamu, za ta ƙone bai sani ba, a wayi gari da sabon gyambo.

Sai salla. Na san Yaya, mutumin da yake riga ladan zuwa masallacin unguwa. Na rantse rabin fushin nan na salla ne. Gani yake jikinsa babu tsarki, ga bandeji, ga fitsari a roba. Ku ɗauko masa malamin da yake jin maganarsa, ya zo ya zauna ya tuna masa da hadisin Imrana ɗan Husaini, ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kwance ta gefe. Ya san shi, amma daga bakin malam zai fi shiga. A kawo masa dutsen taimama, a nuna masa alƙibla. Mu a ɗakinmu limamai suna shigowa, fastoci suna shigowa, kuma na ga yadda fuskar mara lafiya take sakewa in nasa ya zo.

Kin san abin da ya sa nake zafi a kan maganar nan? Inna ce. Ke kina ƙarama lokacin. Da aka kwantar da ita a wani asibiti, ba zan kama suna ba, na shigo da safe da kunun gyaɗa a fulas, na tarar ana canza mata zanin gado, labule a buɗe, 'yan dubiyar gadon kusa, har da maza, suna tsaye. Matar da ko mu 'ya'yanta ba mu taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba. Ta kama gefen zanin da hannu ɗaya tana ja, hannun da ke da ƙarin ruwa, har jini ya biyo robar. Kuma ana kiranta gado na 6. Gado na 6 ta sha magani? Gado na 6 ta yi fitsari? Kwana 11, babu wanda ya ce mata Hajiya, ko Mama, ko sannu. Ta warke fa, maganin ya yi aiki, ban ce ba su iya aiki ba. Amma har ta koma ga Allah in aka ce asibiti sai ta juya fuska bango ta ce ku bar ni in mutu da mutuncina. Ciwon ƙarshe da ta yi, da ta yarda mun kai ta da wuri... to, Allah Ya jiƙanta, kwananta ne ya ƙare. Jan labulen nan bai kai minti 1 ba. Har yau in na ga ɗaliba ta buɗe mara lafiya ba ta ja labule ba, a nan take nake tsayar da aikin. Ni kaina ranar shiru na yi, don ina ƙaramar ma'aikaciya, kuma shirun nan yana damuna har gobe.

To, ina nake? Bayani. Shin an taɓa zama an gaya wa Yaya da Hausa abin da ake ciki? Ko dai likitoci su zagaye shi da safe su yi Turanci a kansa su wuce? Mutumin da ya ji kalmar yanka a gadon kusa, ya ga an fita da maƙwabcinsa an dawo da shi babu ƙafa, me kike so ya yi tunani? Wataƙila gidan da yake nema, gudun yanka ne. Kuma haƙƙinsa ne a yi masa bayani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da mara lafiya halin da yake ciki da zaɓin maganin da ke akwai, a yaren da yake ganewa. Akwai kuma takardar haƙƙin marasa lafiya da Osinbajo ya ƙaddamar yana mataimakin shugaban ƙasa a 2017, a'a, 2018 ne. Don haka ba roƙo za ku yi ba, amma ku yi da ladabi. Ki samu babbar nas mai kula da ɗakin ki ce Baba yana son likita ya ba shi minti 5, shi da kansa, ba ku ba.

Zancen Abuja kuwa, ni ban goyi baya ba. Ku ɗora mai gyambo a mota ta Akwanga da Keffi, ku raba shi da abokansa masu zuwa dubiya bayan la'asar, don me? Asibitocin koyarwa 2 gare mu a garin nan, na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo da na Bingham a Jankwano, in ma ƙarin ƙwararru ake nema. Kuma kar ɗaki mai AC da talabijin ya ruɗe ku. Gamsuwa iri biyu ce. Akwai wanda in ba a saka masa ruwa an yi masa allura ba gani yake ba a yi masa komai ba, a wani wurin sai a yi masa don ya ji daɗi a caje shi. Ba wannan nake nufi ba. Amma wurin kwanciya yana da tasiri, kar in ce ba shi da shi. A Amurka a 1984 an wallafa wani bincike a kan waɗanda aka yi wa aikin matsarmama, masu ganin bishiyoyi ta taga sun riga masu kallon bango fita, kuma ba su sha maganin zafi mai ƙarfi kamar su ba. To in gado ya samu kusa da taga mai rufuwa, ku nema masa. Da hantsi, in likita ya yarda, a tura shi a keke ya sha rana.

Abinci kuma, ku daina yi masa dole da abin da bai saba ba. Ku nemi masu tsara abinci na asibitin su auna masa gwaten acha da ganye da yawa. Acha ma tana ɗaga suga in aka cika kwano, kar ku ji ana cewa ta masu suga ce ku sake. Masu gashin ƙashi su zo su motsa shi, in kuma ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi duk awa 2.

Yaron da yake kwana da shi ma a canje shi, kwana 19 a kan tabarma ya isa, ku yayyensa ku raba kwanakin. Gobe in sha Allahu bayan la'asar zan shigo. Auta, ki taho da rediyonsa, da batir.