Oba-obarmu ba sa jin juna, ga shi muna son mu kai Mirya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne a nan Damagaram muka haɗa ƴar ƙungiya ta masu sha'awar rediyo, mukan haɗu a Garin Malam ranar Lahadi bayan la'asar. Ɗaya daga cikinmu ya taho mana da oba-oba daga Kano, Baofeng UV-5R guda huɗu da BF-888S guda biyu, har da wayar da ake jona su da kwamfuta. To, masu 888S ba sa jin masu UV-5R ko da muna zaune a tabarma ɗaya, kwamfutar kuma ta ƙi ganin wayar. Mai shago ya ce suna cin kilomita 15, amma daga Birni zuwa Karkada ma sai shuuu muke ji. Ko mu sayi masu wat 8 ne, don mu riƙa magana da abokinmu da ke Mirya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ku riƙe kuɗinku tukuna, wat 8 ba zai kai ku Mirya ba. Amma kafin mu je can, akwai maganar takarda. Sauraro daban, danna maɓallin magana daban. Rediyo-amatar, wato magana ta rediyo don sha'awa irin taku, sai da lasisi da lambar kira, ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N, kuma hukumar ARCEP ce ke kula da rabon zangunan sadarwa a ƙasar nan. Ku rubuta mata da sunan ƙungiyarku. Ka san halin tsaron da ake ciki: matashi da oba-oba a ƙugu a shingen jandarma, ba takarda a aljihu, ya sayi dogon bayani da kuɗinsa.

Rashin jin junan nan ba lalacewa ba ce. UV-5R tana aiki a ɓangare biyu, 136 zuwa 174 MHz da kuma 400 zuwa sama, ita kuwa 888S ɓangaren sama kaɗai ta sani, 400 zuwa 470. In masu UV-5R suna kan 145, to da kurma suke magana. Sannan gurabe 16 da ke cikin 888S sun zo ne da zangunan da kamfani ya zuba don gwaji, tsakanin 450 da 470, kuma ba na ƴan amatar ba ne. Namu a Afirka da Turai 144 zuwa 146 ne, da 430 zuwa 440. Saboda haka mahaɗarku ita ce 430 zuwa 440. Ana kiran juna a 433.500, in an samu juna sai a matsa gefe a bar wa wasu wurin.

Ko zangon ya zo ɗaya, akwai wani ɗan tarko. Guraben 888S suna ɗauke da wani siririn sauti da kunne ba ya lura da shi, ana ce masa CTCSS ko DCS. Rediyon ba za ta buɗe lasifika ba sai wanda ke magana ya zo da irin sautin. Alamarsa a fili take: abokinka ya danna, koriyar fitila ta kama a taka, amma shiru kake ji. A UV-5R menu na 11 ne na sautin karɓa na CTCSS, na 13 na aikawa, na DCS kuwa 10 da 12 ne. Ku kashe su duka tun farko. Wasu masu sayarwa suna kiran abin nan lambar sirri, alhali ba ya ɓoye komai, duk wanda ya kashe nasa yana jin ku tar.

Wayar kwamfuta kuwa, sau da yawa laifin bai wuce bakin jonawa ba. Ƙarafunan nan biyu ba sa shiga har ƙarshe saboda robar da ke gindinsu tana tokare jikin rediyon. Ka danna da babban yatsa har ka ji ta zauna, in ta ƙi, ka ɗan fere robar da reza. Ka kashe rediyon kafin ka jona, sannan ka kunna ka ƙure murya. In har yanzu kwamfutar ba ta gan ta ba, to ƴar ƙwaƙwalwar da ke cikin wayar ce. Kasuwa cike take da jabun ƙwaƙwalwa samfurin Prolific waɗanda sababbin direbobin Windows ke ƙin karɓa. Mai CH340 ko FTDI ta fi sauƙin sha'ani.

Manhajar kwamfuta ta zuba wa rediyo zango da zan ba ku shawara ita ce CHIRP, kyauta ce, ta san duka rediyoyin nan biyu. Ga ƙa'idar da ba na son ku tsallake: ku fara kwaso abin da ke cikin kowace rediyo zuwa kwamfuta, ku adana shi da sunanta, kafin ku zuba mata komai. Kada a ɗauki fayil ɗin wata a ɗura wa wata, layukan zango kawai ake kwafa daga wannan tebur zuwa wancan. Duk zangon da ba naku ba, in kuna son saurarensa, ku sa gurbin Duplex ɗinsa a off, ta yadda ko yaro ya danna ba abin da zai fita. Kuma kada a taɓa danna magana babu eriya a kai, haka ake ƙona su.

Yanzu Mirya. Zangunan nan tafiyar ido suke yi, abin da ya tare gani yakan rage su ko ya tare su. Damagaram kuwa ka san ta, duwatsu ne jibga-jibga a tsakiyar gari, ga katangun ƙasa masu kauri a Birni, ga rufin kwano. Mutum biyu a tsaye cikin lungu, kilomita ɗaya zuwa uku ne rabonsu. Daga wat 5 zuwa wat 8 bambancin da kyar kunne zai kama shi, sai dai batir ya riƙa mutuwa da wuri, rediyon ta yi zafi a hannu. Tsawo ne ke sayen nisa. Lissafin da muke yi shi ne, a ɗauki tushen murabba'in tsawon da aka ɗaga kowace eriya daga ƙasa a mita, a haɗa, a ninka da 4.1. Eriyar da aka ɗaga mita 10 a nan da mutum a tsaye a can, kusan kilomita 18 ke nan, wato daidai tazarar Mirya, a kan gaɓa. In shi ma abokin naku ya ɗaga tasa mita 10, lissafin ya kai 26, kun sami sarari. Wannan fa in ba dutse a tsakani.

Eriyar ba sai an saya ba. Don 145 MHz, waya ce ta jan ƙarfe mai kauri, santimita 49 a tsaye, da wasu huɗu irinta a gindi sun ɗan sunkuya ƙasa kamar ƙafafun kaza, duka a jikin mahaɗin da ake jona kebul, mai suna SO-239. Mai gyaran rediyo a kasuwar Dole zai liƙe muku ita da dalma cikin rabin awa. A ɗaure ta a kan gora ko bututun roba a saman soro. Don Mirya ku yi amfani da UV-5R a 145, domin kebul ɗin RG-58 mai tsawon mita 10 yana cinye kusan rabin ƙarfinku a 433, a 145 kuwa asarar ba ta kai haka ba. Abu ɗaya da zai iya ba ku mamaki: kunnen UV-5R ba shi da tacewa sosai, in kuna kusa da turken gidan rediyon FM, babbar eriya kan sa ta ƙara kurumcewa. In kun ga haka, ku canza gidan da kuke gwajin.

Batir ɗinsu lithium ne, kada a bar shi a kan sirdin babur cikin ranar watan Afrilu.

Kafin takardarku ta fito, akwai abin yi da ba ya buƙatar danna komai. Ku sa 145.800 a gurbi ɗaya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 a sama, a nan take magana da makarantu, wani lokaci kuma ta aiko da hotuna cikin wani sauti mai kama da kukan tsuntsaye, wanda manhajar wayar salula ke mayarwa hoto. Ba kullum take watsawa ba, kuma wucewarta ba ta fi minti goma ba, don haka ku duba lokacin a manhajar bin taurarin ɗan'adam, ku hau soro, ku buɗe menu na 0 a UV-5R, mai toshe shuuu, ku mayar da shi sifili, ku kwantar da eriyar a gicciye kuna juya ta a hankali har shuuu ɗin ya ragu.